Jan abin sha mai kumfa na ranar walima: yadda ake haɗa shi ba tare da giya ba

Tambayar da aka aiko ita ce: "Assalamu alaikum Hajiya. Muna da bikin ƙanwata cikin watan Afrilu a nan Maraɗi, kuma amarya ta ɗora ranta a kan wani abin sha da ta gani a bidiyon bukukuwan waje, ja mai kumfa a cikin dogayen kofuna. Da na nemi yadda ake haɗa shi sai na ga shamfen ake zubawa a kan likar ta ƴaƴan itace da ta kayan ƙamshi. Shin akwai yadda za a yi irinsa ba giya? Na gwada zuba lemun kwalba a kan zoɓo, zaƙi ya yi masa yawa, kumfar ma nan da nan ta mutu. Mutum 100 muke sa ran za su zauna wajen walima."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ana yi, kuma yana fitowa da kyau ƙwarai, amma sai kin fara sanin abin da ya sa na asalin yake da daɗi a bakin masu shan sa, don a nan ne gwajinki ya karkace.

Abin da amarya ta gani, in dai ja ne a dogon kofi, kusan tabbas Kir Royal ne ko wani ɗan'uwansa. Sunan ya samo asali daga Félix Kir, limamin coci da ya riƙe magajin garin Dijon a Faransa daga 1945 zuwa 1968, wanda ya yi suna wajen tarbar baƙinsa da farar giyar inabi da aka ɗiga wa likar ta kasis. Kasis wasu ƙananan ƴaƴan itace ne baƙaƙe masu tsami. In aka maye gurbin farar giyar da shamfen, shi ne ake ce masa Royal. Shamfen kuwa giyar inabi ce daga arewa maso gabashin Faransa, wajen Reims da Épernay, da ake barinta ta sake tsimuwa a cikin kwalba a rufe, iskar da tsimin ya haifar ta rasa hanyar fita ta narke a cikin ruwan. Barasar da ke cikinta ta kai kashi 12 cikin 100. Likar kuma barasa ce da aka jiƙa ƴaƴan itace ko kayan ƙamshi a ciki aka ƙara sukari, mafi sauƙinta tana da kashi 15 cikin 100. Don haka duka biyun ba su da wurin zama a taronmu, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Ga abin da nake so ki riƙe. Irin shamfen ɗin da ake wannan haɗi da shi, wanda ake rubuta wa brut a jikin kwalba, sukarin da ke cikin lita guda ba ya wuce giram 12. Lemun kwalban da kika zuba kuwa yana ɗauke da giram 100 ko fiye a lita. Wato su abu mai tsami, mai sanyi, marar zaƙi suke zubawa a kan ɗan abu mai zaƙi ƙwarai, kashi ɗaya na likar a kashi tara na shamfen. Ke kuma kin zuba mai zaƙi a kan mai zaƙi, kuma zoɓon naki tsararo ne, ya cinye rabin kofin, ya raba gas ɗin gida biyu tun kafin a kai baki. Gyaran shi ne ki dafa zoɓon ya yi kauri da ƙarfi har cokali guda ya isa kofi, ki bar sauran kofin ga ruwan soda zalla marar sukari. Ɗan zafin nan da barasa ke bari a maƙogwaro kuma, citta da masoro suna bayar da wanda ya fi shi.

Siro biyu za ki dafa, wato ruwan sukari mai kauri, ja da na ƙamshi, kowanne a tukunyarsa. Ina raba su ne saboda baƙi ba bakinsu ɗaya ba: akwai tsohuwar da ba ta son yaji, akwai yaran da citta ke sa su tari, sai a rage musu na ƙamshin ba tare da an taɓa launin ba.

Ja ɗin tukuna. Ki je babbar kasuwa ki zaɓi zoɓon bana, wanda launinsa ja ne mai duhu kamar zai yi baƙi, busasshe ƙayau, in kin murza shi ya ɗan rina miki yatsa. Wanda ya koɗe ya yi ruwan ƙasa ya kwana biyu a buhu, launinsa ba zai yi haske a kofi ba. Giram 100 ya ishe ki. Ki ɗauraye shi sau biyu cikin ruwan sanyi da hanzari don yashi ya sauka, kada ki bari ya jiƙa, launin zai bi ruwan wankin. Ki tafasa ruwa lita ɗaya da rabi da ɓawon abarba guda da kika wanke sosai, tare da ƙashin tsakiyarta, ya yi kamar minti 15. Sai ki sauke, ki zuba zoɓon, ki rufe, ki ba shi minti 20 zuwa 30. Ban yarda da barin zoɓo yana ta tafarfasa a kan wuta ba. Tsaminsa yana komawa bauri, jan kuma ya dushe. Ki tace da rariya, ki sake tacewa da farin ƙyalle mai laushi ninki biyu, kada ki matse ƙyallen. Abin da ya sauko da kansa shi ne naki, zai kai kusan lita guda. Ki mayar kan wuta kaɗan-kaɗan da sukari kilo ɗaya, kina juyawa har ƙwayar ƙarshe ta narke, ya ɗan yi zafin tafasa, ki sauke. Lita ɗaya da kilo ɗaya suna ba da kusan lita ɗaya da rabi da ɗoriya, daidai kofi 100 ke nan a kan babban cokali ɗaya-ɗaya.

Tukunya tana da muhimmanci a nan. Ki yi amfani da ta silba mai ƙyalli wadda ba ta tsatsa, ko mai fenti a ciki. Tukunyar dalma da tsamin zoɓo ba sa shiri, yana cin jikinta ya bar ɗanɗanon ƙarfe. Kanwa kuma ko kusa kada ta zo. Na san wasu na jefa ƴar kaɗan don kashe tsami, amma launin zoɓo tsami ne ke riƙe da shi ja, da zarar kanwa ta shiga sai ya juye ya yi duhu kamar shuni. Mu kuma tsamin ma shi muke nema.

Siron ƙamshi shi ne inda ake gane hannun mai haɗi, kuma shi ne nake ɗaukar lokaci a kansa. Ɗanyar citta mai yatsu giram 150, ki kankare bayanta da cokali, ki yanka ta siri-siri. Kada ki markaɗa. Markaɗaɗɗiyar citta tana sakin farin gari mai kama da sitaci wanda zai gurɓata kofin ya kuma kashe kumfa. Kanumfari ƙwaya 8, masoro ƙwaya 10 da kika ɗan fasa da bayan cokali, kirfa sanda guda, kimba biyu. Kimbar ki tsaga ta ki zubar da ƴaƴan cikin, su ne masu ɗaci, ɓawon ne ke da ƙamshin hayaƙin nan mai daɗi. Ki ɗora busassun a busasshen kasko minti ɗaya ko biyu, da kin ji ƙamshi ya taso ki kwashe kafin su ƙone. Ki haɗa su da cittar a ruwa rabin lita da ɗan ƙari, wuta ƙasa-ƙasa minti 20, a rufe. Ki sauke ki bar shi ya huce da kayan a ciki, ki tace, ki auna ruwan, ki sa sukari daidai nauyinsa. In ruwan ya koma giram 400, sukari giram 400. Zai ba ki sama da rabin lita, ƙaramin cokali ɗaya a kowane kofi.

Za ki ga kamar kanumfari 8 ya yi kaɗan ga mutum 100. Bai yi ba. Man da ke cikinsa shi ne wanda ake sa wa haƙori mai ciwo don ya daina zogi, in ya yi yawa harshe ne zai yi nauyi, baƙo ya daina jin zoɓon da abarbar gaba ɗaya. Kamar daddawa ne a miya, a ji alamarsa a rasa gane daga ina take. In kina son ƙarin zafi, ƴaƴa biyar ko shida na citta mai ƙwaya sun fi ƙara kanumfari. Barkono kuwa ba ya shiga wannan haɗi, gas yana tayar da shi ya hau hanci.

Bayan siro ya huce ki zuba a kwalaben gilashi da kika ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki bar su a tsaye a firigo kwana guda. Duk abin da ya tsere wa ƙyalle zai kwanta a ƙasa, sai ki tsiyaye na saman a hankali ki bar gindin. Kwana biyu kafin biki ya isa a dafa. Kada ki yi tun saura mako, domin da zafin Afrilu da ɗaukewar wuta, ruwan ƴaƴan itace mai sukari da ya kwana a ɗumi yana fara tsimuwa da kansa. In kin buɗe kwalba kika ji ta yi "fiss" alhali ba ki sa mata gas ba, ko kika ji warin tsami irin na kunun da ya kwana, ki zubar. Abin da muke gudu ne ya fara samuwa a ciki. Haka nan kada wani ya ba ki shawarar sa yis a rufe kwalba don a samu kumfa a gida. Wannan ita ce ainihin hanyar yin giya, ga kuma haɗarin fashewar kwalba.

Yanzu ruwa mai gas. Zaɓina na farko ruwan soda ne zalla, wanda ba sukari ba ƙamshi. Da babban cokali na ja da ƙaramin cokali na ƙamshi, zaƙin kofin zai tsaya ƙasa kaɗan da na lemun kwalba, tsamin kuma ya fito. Amma na san amare, abin da suke so shi ne kwalbar nan mai dogon wuya da zinariyar takarda da murfin da ke tashi da ƙara. Akwai ruwan inabi da na tufa masu gas da ake sayarwa a irin wannan kwalba a manyan shaguna, wasu daga Faransa, da yawa kuma ta Najeriya suke shigo mana. Nan sai kin karanta takardar jiki da idonki, kada ki aiki yaro. Iri biyu ne. Akwai ruwan inabi da bai taɓa tsimuwa ba, gas kawai aka ɗura masa, za ki ga an rubuta jus de raisin pétillant. Akwai kuma giyar inabi ta gaske da aka cire mata barasa daga baya, ana rubuta désalcoolisé, kuma sau da yawa ɗan kaɗan yana saura, har kashi 0.5 cikin 100. A dokar Faransa ma abin sha yana iya ɗaukar sunan sans alcool matuƙar bai wuce kashi 1.2 cikin 100 ba. Ni na farkon kaɗai nake saye wa biki. Hukuncin na biyun aikin malamai ne, amma taron da ya haɗa dangin ango da na amarya ba wurin kawo abin da wani zai yi shakka a kansa ba ne. A kan wannan gaɓa kuma: in wani ya ce ki ɗiga Angostura, wani ruwan ƙamshi mai ɗaci, kamar yadda ake yi wa abin shan nan Chapman a Najeriya, ki sani ƴar kwalbar nan barasarta kashi 44.7 ce cikin 100. Siron ƙamshinki ya riga ya yi aikinta.

In da ruwan inabin za ki yi, ki tuna shi ma zaƙi gare shi, har ya fi lemun kwalba. Ki rage siron ja zuwa rabin cokali, ki zuba inabin rabi, soda rabi, ki ƙara lemun tsami. Abin da nake yawan yi shi ne kwalba biyu ko uku masu ado don teburin amarya da ango da hotuna, sauran jama'a kuma soda zalla. Kuma in gaya miki gaskiya, na sauran jama'ar ya fi daɗi.

Lissafin ba wuya. Dogon kofin nan yana ɗaukar kusan santilita 12 zuwa 13 in ba a cika shi maƙil ba. Siro biyun sun ci 2, saura 11 na soda. Mutum 100 lita 11 ke nan, wato kwalba 15 masu santilita 75, ko ƙanana 34 masu santilita 33. Ki ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, don wata za ta zube, wani zai nemi ƙari, kuma bikin Maraɗi da aka ce mutum 100 ba a taɓa tsayawa a 100 ba. Ƙananan kwalabe sun fi manya amfani a wannan aiki: ana buɗe ɗaya a juye ta a kofi uku nan take, ba ta samun lokacin yin lami. Babbar roba mai lita ɗaya da rabi kuwa, kafin a kai kofin ƙarshe rabin gas ya tafi. Lemun tsami ƙanana kamar 20, a matse su a safiyar ranar, a tace da ƙyalle, rabin ƙaramin cokali a kofi.

Saura abin da ya fi kashe wannan haɗi a garinmu, wato zafi. Gas yana zama a ruwan sanyi ne, yana gudu daga mai ɗumi. Ruwan da ke dab da daskarewa yana riƙe kusan ninki biyu na gas ɗin da ruwa mai digiri 20 zai riƙe, balle a tsakar gida da azahar cikin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Sodar da ba ta yi sanyi ba tana buɗuwa da ƙarfi, ta yi ambaliya, abin da ya saura a kofi ruwa ne kawai. Don haka komai sai ya yi sanyi, soda da siro da lemun tsami, har kofunan in da hali. Kada ki dogara da firigo kaɗai. Ki tanadi manyan kuloli ko robar wanka biyu, ki fasa ƙanƙara ki haɗa da ruwa rabi da rabi, ki watsa gishiri cikin hannu biyu, ki nutsa kwalaben har wuya, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Ƙanƙara da ruwa sun fi ƙanƙara zalla saurin sanyaya kwalba, don ruwan yana taɓa ko'ina a jikinta, minti 30 zuwa 40 sun isa. Ki yi cinikin ƙanƙarar tun kwana biyu kafin ranar, a wannan wata wanda ya makara ba ya samu. Kwalbar gilashi mai gas kuma ba a sa ta a ɗakin daskarewa na firigo a manta, fashewa take yi.

Ƙanƙarar nan ta waje ce, ba ta shiga kofi. Na farko, ba ki san ruwan da aka ƙulla ta da shi ba. Na biyu, tana narkewa ta tsinka haɗin. Na uku, gas yana neman duk wani abu mai kaushi da zai maƙale ya zama kumfa ya fita: gefen ƙanƙara, ƙwayar sukari da ba ta narke ba, ɓarɓashin citta, tsokar lemu, ƙurar da ta kwanta a kofi. Dalilin duk tace-tacen da na sa ki ke nan. Kofunan ma a ɗauraye su sosai, don saurar sabulu da maiƙon hannu suna kwantar da kumfa. A kife su su tsane, a ajiye a rufe saboda ƙura.

Ranar walima ki ware mutum uku waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Ta farko tana jera kofuna goma-goma a faranti tana zuba siro biyun da lemun tsami, wannan ana iya yinsa minti goma kafin lokaci. Ta biyu tana buɗe soda tana zubawa, kuma ita ce ke buƙatar koyo: ta karkata kofin, ta bar ruwan ya bi jikin gilashin a hankali, ta tsaya a rabi kumfar ta sauka, sannan ta cika. Siron yana da nauyi, zai so ya kwanta a ƙasa, sai ta sa dogon cokali ta ɗaga shi sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Ba a kaɗawa. In an bar shi ba a taɓa ba yana yin kyau a hoto, ja mai duhu a gindi yana hawa yana haske, amma kurɓar farko ruwa ce, ta ƙarshe kuma zuma. Ta ukun tana ɗauka ta kai nan take. Kofin da aka zuba ya kamata ya isa hannun mai shi cikin minti biyu ko uku. Babban kuskuren da nake gani a bukukuwa shi ne a haɗa komai a babbar kula tun hantsi a ce an rage aiki. In hannu bai isa a yi kofi-kofi ba, a yi a jug mai lita ɗaya, a haɗa a juye a take, a sake wani.

Kwalbar teburin amarya kuma a ba babba ya buɗe. Matsin da ke cikin irin waɗannan kwalabe ya fi na tayar mota, murfin yana iya tashi ya sami ido. A kwance wayar ƙarfen da ta ɗaure murfin, babban yatsa yana danne da shi, a karkata bakin kwalbar inda ba kowa, a riƙe murfin gam a juya kwalbar kanta a hankali har ya fita da ɗan huci. Girgizawa a fesa, kamar yadda ake gani a bidiyo, asarar abin sha ce da ɓata tufafin mutane.

Tunda Afrilu ne, na san za a ce miki a sa mangwaro, ga shi ya cika gari daga lambunan gulbi. Turawa suna da irin wannan, Bellini na birnin Banis a Italiya, da markaɗaɗɗen ɗan itacen pêche ake yinsa. Amma markaɗaɗɗen abu da gas in sun haɗu kumfa ce ke tasowa ta cika kofi ta zubo, sai mai haƙuri da kofi biyar ko shida. Ga mutum 100 ban ba ki shawara ba. In kina son launi na biyu kusa da ja, tsamiya ta fi: ki jiƙa giram 200 a ruwan zafi lita ɗaya da kwata, kada ki dama ta da ƙarfi, ki tace sau biyu, ki bar ta ta kwanta, ki sa sukari daidai da ruwan. Tana ba da ruwan zinariya, kuma da siron citta suna tafiya fiye da yadda zoɓo ke yi. Ita ba ta buƙatar lemun tsami.

Ado kaɗan ya isa. Siririn ɓawon lemu da aka murɗa a bakin kofi don mansa ya fantsama, ko ganyen na'ana'a guda. Kada a shafa wa bakin kofin sukari, duk ƙwayar da ta faɗa ciki gas take kora. Ga dattawa masu ciwon sukari, ki ware musu soda da lemun tsami da ƙaramin cokali ɗaya na ja don launi, a faranti daban, a kuma gaya wa mai rabo.

Mako guda kafin biki ki dafa kashi ɗaya cikin goma na duk abin da na lissafa, ki sayi soda irin wadda za ki yi amfani da ita ranar, ki kira amarya da waɗanda za su yi zubin ku gwada da rana tsaka. Zoɓo wani ya fi wani tsami, citta ma haka. In ya yi tsami da yawa ki cire lemun, in ya yi lami ki ƙara shi, in citta ta danne komai ki koma rabin ƙaramin cokali. Ma'aunin da kuka tsaya a kai ki rubuta shi a takarda ki manna a jikin kular ƙanƙara, kuma cokulan da aka gwada da su, su za a yi aiki da su ranar.